Kwamfuta da Manhajojin Gyaran Hoto a Masarautar Daura

Gyaran hoto da kwamfuta shi ne duk aikin da ake yi wa hoto daga fitowarsa cikin kyamara har ya hau takarda ko allo: zaɓen na kirki, daidaita haske da launi, yanka, share tabo, haɗa shi da rubutu, da adana shi. Aikin na tsaye ne a kan abubuwa biyu. Na farko ita ce babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, wato Windows ko macOS ko Linux. Na biyu ita ce manhajar gyaran kanta, kamar Photoshop, Lightroom, CorelDRAW, GIMP ko Affinity. A mujallun ƙasashen waje akan auna waɗannan kaya da sauri da yawan dabaru. A ƙasar Daura ma'aunin ya fi haka faɗi, domin sai an sa wutar lantarki a lissafi, da zafi da ƙura, da farashin dala, da mai gyaran da ke kusa, da irin fayil ɗin da maɗaba'a za ta karɓa.

Aikin hoto a Daura

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar na Jihar Katsina: Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa, kuma tana iyaka da Jamhuriyar Nijar. Abincin yau da kullum na mai hoto a nan shi ne fasfo na makaranta da neman aiki, hotunan ɗaurin aure da suna da walimar saukar Alƙur'ani, sai kalanda da sitika da katin gayyata, da fastocin 'yan takara idan zaɓe ya gabato. Kwalejin Yusuf Bala Usman, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019, da Jami'ar Sufuri ta Tarayya, sun ƙara yawan ɗalibai da ma'aikata masu buƙatar hoto da bugu.

Babban aiki kuwa na fada ne. Hawan Sallah, da Hawan Magajiya, da Sallar Gani, da naɗin sarauta a gaban Mai Martaba Sarkin Daura Alhaji Umar Faruk Umar, wanda ya hau karaga a 2007, su ne lokutan da ake ɗaukar hotunan da za su zama tarihi. Shekaru takwas da Muhammadu Buhari, ɗan garin, ya yi yana shugabancin Najeriya, daga 2015 zuwa 2023, sun sa masu hoton manyan kafafen labarai sun riƙa zuwa garin, musamman da Babbar Sallah, haka kuma ranar 15 ga Yuli 2025 da aka yi jana'izarsa a gidansa. Hoton fasfo da hoton hawa ba buƙatarsu ɗaya ba. Kusan kowace kwamfuta za ta iya na farko. Na biyun ne yake tona asirin kayan aiki.

Manyan manhajoji uku

Windows ta kamfanin Microsoft ita ce ta mamaye shagunan hoto da bugu a arewacin Najeriya, kuma dalilin a fili yake. Yawancin kwamfutocin da ake saye na hannu ne, samfurin HP da Dell da Lenovo, waɗanda ake kawowa daga Turai da Amurka su bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, su iso Titin Beirut da Farm Centre a Kano, daga nan su bi hanyar Kazaure zuwa Daura. Idan batir ya mutu ko allo ya fashe, ana samun madadinsa da wanda zai sa shi. A yawancinsu ana iya ƙara ƙwaƙwalwar aiki ko a canza rumbun ajiya. Firintoci da sikana da injinan buga bana duk da Windows suka fi jituwa. Rauninta biyu ne: ƙwayoyin cutar kwamfuta da ke yawo a filashi daga shago zuwa shago, da kuma tsufa. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuwa Windows 11, wadda ta fito a 2021, ba ta hawa tsofaffin kwamfutoci da yawa saboda sharuɗɗan da aka gindaya mata. Wannan ya bar masu shaguna da dama da na'urar da ke aiki lafiya amma ba ta samun sabuwar kariya.

Kwamfutocin Apple, masu aiki da macOS, suna da tsohon suna a harkar zane da bugu. Photoshop ma a kansu kaɗai ta fara fitowa. Tun Nuwamban 2020, da kamfanin ya koma amfani da ƙwaƙwalwar da ya ƙera da kansa mai suna M1 da waɗanda suka biyo ta, laftof ɗinsa suka yi fice wajen daɗewar batir da rashin ɗaukar zafi, kuma allonsu kan zo da launi mai kyau tun daga masana'anta. A garin da wuta ba ta tsayawa, kuma zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai tsadarsu ta yi yawa, ƙwaƙwalwar aikinsu a manne take ba a ƙara ta bayan saye, kuma Apple ba shi da shagon kansa a Najeriya, sai dillalai a manyan birane. Babbar matsala idan ta taso, sai an yi tafiya, aiki kuma ya tsaya. Akwai wani tuntuɓe da sababbin shiga ke yi: rumbun ajiyar da aka tsara da tsarin NTFS na Windows, Mac na iya karanta shi amma ba ta rubutu a kansa. Mai aiki tsakanin na'urorin biyu sai ya tsara shi da exFAT.

Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, kyauta ce, kuma nau'o'inta irin su Ubuntu da Linux Mint kan raya kwamfutar da Windows 11 ta ƙi. Ƙwayoyin cutar da ke cikin filashi ba su cika yi mata illa ba. Amma kamfanin Adobe ba ya yin Photoshop ko Lightroom dominta, babu CorelDRAW ta zamani a kanta, kuma masu iya gyara ta kaɗan ne. Ta fi dacewa da ɗakin karatu, ko makaranta, ko ofishin da ke son adana tsofaffin hotuna, fiye da shagon da ke musayar fayil da maɗaba'a kullum.

Manhajojin gyara

'Yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, su ne suka ƙirƙiri Photoshop, kamfanin Adobe ya fitar da ita a Fabrairun 1990. Ƙarfinta yana wajen yi wa hoto ɗaya aiki mai zurfi: a cire bango, a haɗa hotuna, a gyara tsohon hoton da ya yage ko ruwa ya taɓa. Lightroom, wadda ta fito a 2007, wata hanya ta bi. An yi ta ne domin mai hotuna ɗaruruwa: ya zuba su, ya tace, ya gyara ɗaya, ya shafa gyaran a kan sauran, kuma ba ta taɓa asalin fayil ɗin, umarnin gyaran kawai take ajiyewa. Wanda ya dawo daga hawa ko biki da memori cike, ita ya fi buƙata. Yawancin ɓata lokacin da ake yi a shaguna ya samo asali ne daga buɗe hotunan biki ɗaya bayan ɗaya a Photoshop, alhali ba aikinta ba ne. Capture One, wadda ta samo asali daga kamfanin Phase One na ƙasar Denmak, ita ce babbar kishiyar Lightroom, kuma masu hoton situdiyo na yaba ta wajen launi.

CorelDRAW ta fito a Kanada a 1989. Asalinta ba manhajar gyaran hoto ba ce, ta zane ce da tsara shafi, amma babu yadda za a yi maganar hoto a arewa a tsallake ta. Da ita ake haɗa kalanda da fasta da bana da katin biki, kuma masu injinan bugu a Kano da Katsina da Kaduna da fayil ɗinta suka saba. Abin lura shi ne tsohuwar CorelDRAW ba ta buɗe fayil ɗin sabuwa, don haka ko a adana aikin a tsohon samfuri, ko a fitar da shi a matsayin PDF. Ta daɗe ba ta kan Mac, sai a 2019 ta koma, kuma wannan rata na cikin abubuwan da suka kafa Windows a shagunan bugu.

Akwai na kyauta, kuma ba na wasa ba ne. GIMP, wadda ɗalibai biyu na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara a 1995, ta fitar da samfuri na 3.0 a Maris 2025, wanda ya ba da damar yin gyare-gyare da dama ba tare da lalata asalin hoton ba. Gibinta shi ne ba a aiki kai tsaye a tsarin launin maɗaba'a a cikinta, sai wajen fitar da fayil. Darktable da RawTherapee suna yin irin aikin Lightroom a kan manyan manhajojin uku. Affinity Photo, ta kamfanin Serif na Ingila, ta fito a 2015 ana sayenta sau ɗaya. Kamfanin Canva ya sayi Serif a 2024, sannan a ƙarshen Oktoban 2025 ya mayar da Affinity kyauta a Windows da Mac, ban da wasu dabarun ƙirƙirarriyar basira da ake biya. Ga mai shagon da ba ya son aiki da kayan sata kuma ba shi da hanyar biyan dala, wannan ita ce mafita mafi kusa.

Waya ma ta shiga fagen. Snapseed da Lightroom ta waya da Canva sun wadatar ga hoton da za a sa a Facebook ko WhatsApp, kuma kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, ya yi suna wajen daidaita kyamarorinsa da baƙar fata. Amma allon waya ƙarami ne, kuma yakan ƙara wa launi armashi, shi ya sa hoton da ya burge a waya kan fito a dushe a takarda.

Haske da launi a filin hawa

Da wuya a sami abin da ya fi hawan Sallah gwada kyamara da manhaja. Ga farin rawani da farar riga a tsakar rana, ga fuska baƙa a inuwar amawali, ga ja da kore na dogarai, ga ƙyalƙyalin kayan doki, ga ƙurar da kofato ke tayarwa, wadda kan haɗu da hazo idan Sallah ta faɗo da hunturu. Idan aka bi hasken rawani, fuska ta duhunta. Idan aka bi fuska, rawani ya ƙone, naɗinsa ya ɓace, aikin zaren da ke wuyan riga ya zama fari fat.

Nan ne bambancin nau'in fayil yake bayyana. JPEG, tsarin da aka kafa a 1992, yana riƙe matakai 256 ne kacal na kowane launi, kuma kyamara ta riga ta yanke hukunci ta zubar da sauran. Ɗanyen fayil, wanda ake kira RAW, yana riƙe matakai 4,096 ko 16,384, gwargwadon kyamarar. A cikin wannan rarar ake dawo da naɗin rawani a kuma buɗe inuwar fuska ba tare da hoton ya farfashe ba. Kuɗinsa shi ne wuri da lokaci: ɗanyen hoto ɗaya daga kyamara mai megafiksel 24 kan kai megabait 25 ko fiye, kuma sai da manhaja irin Lightroom ko Darktable ake buɗe shi. Adobe ya sa gigabait 8 a matsayin mafi ƙarancin ƙwaƙwalwar aiki ga Photoshop, ya ba da shawarar 16. A tsohuwar laftof, sauya rumbun ajiya mai juyawa da na zamani wanda ake kira SSD shi ne gyaran da ya fi kawo sauri da kuɗi kaɗan.

Allo ya fi sunan kwamfuta muhimmanci, kuma shi aka fi yi wa sakaci. Laftof masu araha da yawa suna da allon da launinsa ke sauyawa da zarar an ɗan karkata kai, kuma ba ya nuna dukkan launukan sRGB, tsarin da HP da Microsoft suka fitar a 1996 wanda intanet da yawancin injinan wankin hoto ke bi. Wanda ya gyara fata a irin wannan allo, a makance ya yi. Allo mai fasahar IPS, da rage haskensa daidai da hasken ɗakin, da gwada bugu kafin a buga duka, sun fi sayen sabuwar manhaja amfani. Dole kuma a tuna allo da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, maɗaba'a kuwa da tawada huɗu. Kore mai kaifi da shuɗi mai haske sukan dusashe a bugu, don haka gara mai aikin ya ga haka a allonsa kafin kalanda dubu ta fito. Game da girma, ƙa'idar hoton da za a riƙe a hannu ita ce ɗigo 300 a kowane inci, wato hoto mai ɗigo 6,000 a tsawo da 4,000 a faɗi zai kai inci 20 da 13 ba tare da ya fashe ba. Bana da ake kallo daga nesa ba ta buƙatar haka. Hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, sai an turo shi a matsayin fayil yake isowa da cikarsa.

Kuɗi da wuta

A 2013 Adobe ya daina sayar da sabuwar Photoshop sau ɗaya, ya koma karɓar kuɗin wata ko na shekara. Photoshop CS6 ta 2012 ce ta ƙarshe a tsohon tsarin. Ga ɗan Najeriya wannan ya zo da wahala biyu. A 2022 bankuna da yawa sun taƙaita ko sun dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira, sai a tsakiyar 2025 wasunsu suka dawo da shi. Sannan bayan sakin naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Abin da ya biyo baya sananne ne: shaguna da yawa suna aiki da manhajar da aka fasa. Ban da saɓa wa dokar haƙƙin mallaka, wadda aka sa wa sabuwarta hannu a 2023, irin wannan manhaja kan zo da ƙwayar cuta a ɓoye, wata ma takan kulle duk fayilolin da ke kwamfutar. Mai hoton da ya rasa hotunan ɗaurin aure ba shi da abin da zai faɗa wa iyalan amarya.

Wutar da kamfanin KEDCO ke rarrabawa a jihohin Kano, Katsina da Jigawa ba ta wadatar da shago, kuma cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 ya sa janareta ta yi tsada. Shi ya sa laftof ta fi kwamfutar tebur farin jini, sola da inbata kuma suke yaɗuwa. Kwamfutar tebur ta fi ƙarfi a kan kuɗi ɗaya, amma ɗaukewar wuta a tsakiyar adana fayil na iya lalata shi idan babu batirin tsaro. Ƙura kuwa tana toshe fanka, kwamfuta ta yi zafi ta rage gudu da kanta, don haka buɗe ta a share bayan hunturu wajibi ne.

Haruffan Hausa da ajami

Fastoci da kalandu da yawa suna fitowa babu lanƙwasa a kan ɓ da ɗ da ƙ, ko kuma harafin ya fito da wata siffa dabam da ta 'yan'uwansa. Laifin ba na manhaja ba ne, na salon harafin da aka zaɓa ne, domin yawancin salailan ado ba su ƙunshi waɗannan haruffa ba. Charis da Gentium na ƙungiyar SIL, da Noto na Google, kyauta ne kuma suna da su, har da ƴ da ake rubutawa a Nijar, abin da ya shafi mai yi wa mutanen tsallaken iyaka aiki. Windows na da allon rubutun Hausa a cikinta, sai dai a kunna shi. Rubutun Larabci da ajami a katin walima yana buƙatar a kunna tsarin rubutu daga dama zuwa hagu, in ba haka ba haruffan su rarrabu ko su juye. Wannan kuskure ne mai nauyi idan aya ce ko addu'a. Kafin a kai aiki maɗaba'a, akan mayar da rubutun zane, domin kada kwamfutar can ta sauya salon.

Iyakar gyara

A hoton biki, share ƙurji ko sauya bango abu ne tsakanin mai hoto da mai shi. Duk da haka al'adar haska fata har mutum ya fita daga kamanninsa ta yi yawa, kuma ba ƙwarewa ba ce. Ƙwarewa ita ce a fito da baƙar fata da sheƙinta. Hoton labari da na tarihi hukuncinsu dabam ne: ana daidaita haske, ana yanka, amma ba a ƙara mutum ba a cire shi. A 2006 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya janye hotunan wani mai ɗaukar hoto bayan an gano ya ƙara hayaƙi a hoton birnin Beirut. Tun 2023, da Photoshop ta sami dabarar cike gurbi da ƙirƙirarriyar basira, ƙara taro a filin kamfe ko sa wani kusa da sarki ya zama aikin daƙiƙoƙi. Ɗanyen fayil ɗin asali shi ne hujjar mai hoto idan aka yi gardama.

Adanawa

Nagatif na zamanin fim kan yi shekaru a cikin akwati. Hoton kwamfuta kuwa yakan tafi gaba ɗaya ranar da rumbu ya mutu ko aka sace laftof, kuma masu hoto da yawa suna goge memori da zarar sun miƙa aiki. Ƙa'idar da masu adana kayan tarihi ke bi ita ce kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Nau'in fayil ma abin dubawa ne. PSD na Photoshop da CDR na CorelDRAW mallakar kamfanoninsu ne, kuma wasu manhajoji ba sa buɗe su da cikarsu. Wanda ya daina biyan kuɗin Lightroom Classic zai ci gaba da ganin hotunansa ya kuma fitar da su, amma sashen gyara zai rufe. TIFF da JPEG da DNG, wanda Adobe ya fitar a 2004 ya kuma bayyana tsarinsa ga kowa, sun fi tabbas ga ajiyar shekaru.

Abin da aka fi mantawa shi ne suna. Lightroom da Darktable da Photoshop duk suna da gurbin da ake rubuta bayani a cikin fayil ɗin kansa: rana, wuri, sunan mai hoto, da waɗanda ke ciki. Tsofaffin hotunan zamanin Sarki Abdurrahman, wanda ya rasu a 1966, da na Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007, darajarsu na ƙaruwa ne idan an san wane ne Galadima a ciki, wane ne Kaura, kuma a wace Sallah aka ɗauka. Dattawan da za su iya nuna fuskokin suna raguwa. Idan za a kwafi irin waɗannan hotuna, akan sa sikana a ɗigo 600 ga ƙananan hotuna, a adana kwafin farko a TIFF ba tare da an taɓa shi ba, a yi gyaran tabo da yagewa a kan kwafi na biyu, a kuma rubuta sunayen a ranar da aka ji su daga bakin wanda ya sani.